Yadda Ake Haɗa Kwamfutar Ɗakin Bincike da Rumbun Gajimare

Gabatarwa

A shekarar 2012 aka ɗora bayanan aikin nan na nazarin ƙwayoyin gadon ɗan Adam da ake kira 1000 Genomes a kan rumbun kamfanin Amazon, domin kowa ya ɗiba kyauta. Yawansu a lokacin ya kai terabait 200. Da za a zuba su a ƙananan kwamfutoci masu cin gigabait 500, sai an tanadi guda 400. Da aikin ya kammala a 2015, an nazarci mutum 2,504 daga al'ummomi 26, ciki har da Yarabawan Ibadan da mutanen Esan na Nijeriya. Tambayar da wannan darasi zai amsa ita ce: ta yaya kwamfutar da ke ɗakin bincike za ta kai ga irin wannan taska?

Ma'anar Kalmomi

Gajimare a nan yana nufin manyan kwamfutoci da kamfanoni suke jibgewa a gine-gine na musamman, a yi amfani da su ta intanet. Mahaɗi kuwa manhaja ce da ake girkawa a kwamfutar gida domin ta zama gada tsakaninta da gajimaren. Mahaɗin yakan yi aiki ne da takardar tsari, wato ɗan fayil mai ɗauke da sunan rumbun da irinsa da yankin da yake da kuma mabuɗin shiga. Layin umarni shi ne allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni da haruffa maimakon danna hotuna. Za mu yi misali da Rclone, manhajar kyauta da take aiki a Linux da Windows da macOS.

Matakan Aiki

Na farko, bayan an girka manhajar, sai a buɗe layin umarni a rubuta:

rclone config create taska s3 provider=AWS region=us-east-1

Kalmar “taska” suna ne da muka raɗa wa haɗin da kanmu. “s3” shi ne irin rumbun, sauran kuma suna nuna kamfanin da yankin gabashin Amurka inda bayanan suke. Da yake wannan rumbu na kowa ne, ba mu sa mabuɗi ba.

Na biyu, a rubuta rclone config file domin a ga inda takardar take. In an buɗe ta, za a iske layuka kamar haka:

[taska]
type = s3
provider = AWS
region = us-east-1

Na uku, a gwada haɗin da wannan umarni:

rclone lsd taska:1000genomes

Idan jerin sunayen jakunkunan bayanai ya bayyana, to gada ta ginu. Daga nan sai a yi amfani da rclone copy a kwafo abin da ake bukata kaɗai, domin kuɗin data ba wasa ba ne. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, maimaita umarnin zai tsallake fayilolin da suka riga suka iso lafiya.

Me ya sa ake fifita layin umarni? Dalili shi ne ana iya adana umarnin a maimaita shi a kwamfutoci ashirin ba tare da bambanci ba. Ɗalibin kimiyya ya san cewa gwajin da wani ba zai iya maimaitawa ba, ba a dogara da sakamakonsa.

Abubuwan Kiyayewa

Idan rumbun na makaranta ne ko na asibiti, takardar tsarin za ta ƙunshi mabuɗin sirri, kuma duk wanda ya same ta ya sami hanyar shiga. Saboda haka kada a tura ta ga kowa. A rubuta rclone config a zaɓi wurin sa kalmar sirri domin a kulle ta, musamman in bayanan na majinyata ne.

Haka kuma a bambanta copy da sync. Na biyun yana mai da wurin da ake kai kaya daidai da inda aka ɗauko, wato yana share duk fayil ɗin da babu shi a asalin. Kafin a yi amfani da shi, a ƙara --dry-run a ƙarshen umarnin. Manhajar za ta nuna abin da za ta yi ba tare da ta taɓa komai ba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Jinga

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin mahaɗi da takardar tsari.
2. Me ya sa ba mu sa mabuɗi a misalinmu ba?
3. Wace asara za a iya tafkawa idan aka yi sync daga jakar da babu komai a cikinta?