Darasi: Kallon Kyamarar Tsaro Daga Nesa, Makullin Yana Hannun Wa?

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, muna so kowane ɗan kwamiti ya iya bayyana yadda hoton kyamara ke isowa cikin wayarsa, ya san abin da ke katse shi, ya kuma san wanda ya kamata ya riƙe kalmar sirri.

Gabatarwa

'Yan'uwa, kyamarar tsaro ta daina zama kayan bankuna da gidajen manya kaɗai. Yanzu ana ganinta a shaguna, makarantu, ƙananan asibitoci da ɗakunan ajiya a cikin garin Sakkwato. Kwamitocin da ke kula da hatsin agaji, taki da magani sukan tambaye mu ko su saya. Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne ma'aji yana zaune a gidansa a Mabera ya ga ƙofar sito a Runjin Sambo ta cikin waya. Gani ya kori ji, kuma hakan yana yiwuwa. Amma mu sani cewa ƙofar da muke leƙawa daga nesa, ta nan ne wani ma zai iya leƙo mu. Saboda haka tambayar farko ba ta kuɗin kyamara ba ce. Tambayar ita ce, wa ke riƙe da makulli?

1. Yadda kayan ke aiki

Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa. Na farko kyamarori. Na biyu akwatin da ke tattara hotunan yana ajiye su a faifai, wanda masu sana'ar ke kira NVR. Na uku na'urar da ke haɗa akwatin da intanet, wato rauta, wadda a wurinmu galibi sim ake saka mata. Na huɗu manhajar da ke cikin wayarmu.

A yawancin irin waɗannan akwatuna, igiya ɗaya ce ke kai wa kyamara wuta ta kuma dawo da hoto, kuma tsawonta bai kamata ya wuce mita 100 ba. Mu lura da wannan: akwatin yana ajiye hoto ko da babu intanet. Intanet na kallo daga nesa ne kawai.

Faifan kuma yana cika. Idan kyamara 4 suna aiki dare da rana, kowace tana aika megabit 2 a daƙiƙa, za su ci kusan gigabayit 86 a rana. Faifai mai terabayit 1 zai cika cikin kwana 11, daga nan sabon hoto ya riƙa goge tsoho. Ma'ana, in buhu ya ɓace amma ba mu ƙirga kaya ba sai ƙarshen wata, shaidar ta riga ta goge.

2. Hanyoyi biyu na haɗawa da waya

Hanya ta farko ita ce ta kamfanin da ya ƙera akwatin. Kayan Hikvision suna amfani da manhajar Hik-Connect, na Dahua kuma DMSS. Ana buɗe asusu da lambar waya ko imel, a ɗauki hoton alamar QR da ke jikin akwatin, shi ke nan an ɗaure akwatin da wannan asusu. Ita ce ta fi sauƙi, kuma tana aiki da rauta mai sim.

Hanya ta biyu ita ce a buɗe ƙofa a jikin rauta domin a shiga akwatin kai tsaye daga waje. Wannan sau da yawa ba ta aiki da layin waya, domin kamfanonin sadarwa sukan haɗa masu layi da yawa a adireshin intanet ɗaya. In ma ta yi aiki, ta bar akwatinmu a fili ga duk mai lalube a intanet. Shawararmu ga ƙananan kwamitoci ita ce su bi hanya ta farko.

3. Kalmar sirri ita ce makullin sito

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2014 an gano wani shafin intanet mai suna Insecam yana nuna hotunan kyamarori sama da 70,000 daga ƙasashe daban-daban, har da na cikin gidajen mutane. Ba fasa su aka yi ba. Masu su ne ba su canza kalmar sirrin da kayan suka zo da ita daga kamfani ba. A watan Oktoba 2016 kuma, wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da akwatunan ajiyar hoto ta hanyar gwada kalmomin sirri kusan 60 da kowa ya sani, aka yi amfani da su wajen kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari, har manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka tsaya na wasu sa'o'i. A 2021 ma an gano wata ɓaraka a kyamarorin Hikvision masu yawa, kamfanin ya fitar da gyara, amma gyaran bai amfani wanda bai sabunta na'urarsa ba.

Sai dai haɗarin da ya fi kusa da mu ba daga ƙasar waje yake ba. Sau da yawa wanda ya saka kyamara yakan ɗaure akwatin da nasa asusun, ya raba wa kwamiti kallo kawai. A tsarin Hik-Connect, akwati ɗaya asusu ɗaya yake da shi a matsayin mai shi. In mutumin ya bar gari, ko muka saɓa da shi, yana ganin sitonmu, mu kuwa ba mu da ikon cire shi cikin sauƙi. Ba sai yana da mugun nufi ba, wayarsa ma tana iya faɗawa hannun wani. Don haka mu kiyaye waɗannan:

a. A buɗe asusun da layi da imel na kwamiti, ba na mutum ɗaya ba. A riƙa amfani da layin, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani kan ba wani.

b. Ranar da aka gama aiki, kafin a biya cikon kuɗi, shugaba da sakatare su canza kalmar sirrin akwati, ta rauta da ta asusu da hannunsu.

c. Kalmar ta kasance doguwa, mai haruffa da lambobi. Kada ta zama 12345, ko sunan ƙungiya, ko lambar wayar shugaba.

d. A rubuta ta, a rufe a ambulan, a ajiye tare da takardun banki.

e. Kowane mai kallo a ba shi nasa izinin, na kallo kawai, ba na gogewa ba. Duk wanda ya sauka daga kwamiti a cire shi a ranar.

f. Sau biyu a shekara a kira mai gyara ya sabunta manhajar akwatin a gaban ɗan kwamiti.

4. Wuta, intanet da yanayin garinmu

Ɓarawo ya fi son lokacin da aka ɗauke wuta. In akwati da rauta ba su kan batir ko sola, wayarmu ba za ta nuna komai ba a daidai lokacin da muke bukata. Kuɗin batir yana cikin kuɗin kyamara tun farko.

Kallo kuma yana cin data. Hoto mai kauri na kyamara ɗaya yana cin kusan megabayit 900 a awa, mara kauri kuwa kusan 230. Mu saita waya a kan mara kauri, mu buɗe mai kauri sai in akwai dalili. Mu tuna cewa sim ɗin rauta da wayar mai kallo duka suna cin nasu.

Intanet ɗin ma ba tabbas ba ne. A watan Satumba 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga. Duk wanda ke da ajiya a waɗannan wurare, ba abin da zai iya gani daga gari a lokacin.

Zafin watan Afrilu a nan yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. Akwatin yana son wuri mai iska, gilashin kyamara kuma yana son shara. Kada mu ajiye akwatin a fili cikin sito, domin ɓarawo mai wayo shi zai fara ɗauka. Gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta watan Janairu 2021 ta tuna mana cewa wuta ba ta zaɓen abin da za ta ci. Duk hoton da ke da muhimmanci a kwafe shi, a ajiye a wani wuri dabam. A kuma duba cewa agogon akwatin daidai yake, domin hoto mai kwanan wata na ƙarya ba zai taimake mu gaban hukuma ba.

5. Mutuncin waɗanda muke yi wa hidima

Gwauruwar da ta zo karɓar mudun gero ba ta zo don a nuna fuskarta ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta ɗora nauyi a kan duk ƙungiyar da ke tattara bayanan mutane, kuma hoton da ake gane mutum a ciki bayani ne. Mu kafa allo a ƙofa mai cewa akwai kyamara. Kada a saka ta a bayan gida, ɗakin duba marasa lafiya ko wurin ba da shawara. Kada ta leƙa tsakar gidan maƙwabci. Kada kuma a tura hoton wanda ake zargi a WhatsApp. A kai shi gaban kwamiti, in ya cancanta a miƙa wa 'yan sanda.

Kammalawa

Kyamara ido ce, ba ta da hannu, ba ta da ƙafa. Ba ta maye gurbin maigadi, ƙofa mai ƙarfi, littafin shige da ficen kaya, ko kyakkyawar ma'amala da maƙwabta da mai unguwa. In kuɗinmu bai kai mu sayi batir da data mu kuma biya maigadi ba, mu fara da maigadi da kwado. In kuwa mun saka, makullin ya zauna a hannun kwamiti.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Da lambar wa aka buɗe asusun kyamararmu, kuma mutum nawa ke iya kallo yau?

2. In aka ga baƙon mutum a waya da ƙarfe 2 na dare, wa za a kira, wa kuma zai je?

3. Kwana nawa faifanmu ke riƙe hoto, kuma bayan kwana nawa muke ƙirga kaya?

4. Akwai wurin da kyamararmu ke kallo wanda mu kanmu ba za mu so a kalle mu a ciki ba?