Amsar Tambaya: Haɗa nikel da alminiyam a LAMMPS

Tambaya: Ina kwaikwayon motsin atam na gaurayen nikel da alminiyam da manhajar LAMMPS. Zan iya ɗauko fayil ɗin EAM na kowane ƙarfe daban in haɗa su?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi haka. Manhajar ba za ta hana ka ba, za ta ma fito maka da lambobi, kuma nan ne hatsarin yake. Fayil ɗin nikel an daidaita shi ne a kan yadda nikel ke jan nikel kawai, babu wanda ya gwada shi da alminiyam. Je ka rumbun NIST na Amurka, ka ɗauko wanda aka gina wa ƙarafan biyu tare, kamar na Mishin na 2004, ka yi aiki da eam/alloy.

Kula da layin pair_coeff sosai. Idan atam nau'i na 1 nikel ne, Ni za ka fara rubutawa, sannan Al. Ka juya su, lissafin duka ya lalace.

Kafin babban aiki, gwada kowane ƙarfe shi kaɗai: faɗin ɗakin kiristal na nikel ya kusanci angstrom 3.52, na alminiyam 4.05.