ƘARAR AKWATIN GIYA: ABIN DA YA KAMATA KOWANE DIREBA YA SANI

Akwatin giya yana daga cikin sassan mota mafi tsada, kuma da wuya ya lalace bai yi gargaɗi da ƙara ba. Direban da ya lura da lokacin da ƙarar take tasowa da lokacin da take ɗaukewa, ya riga ya gano rabin cutar kafin ya isa gareji.

Gwaji na farko a tsaye ake yinsa. A ja birkin hannu, a sa giya a firi, a tayar da inji, sa'an nan a saurara. Idan akwai gurnani alhali ƙafa ba ta kan kuloci, amma da an taka shi sai gurnanin ya ɗauke, to boris ɗin sandar da ke shigar da ƙarfin inji cikin akwatin ne ya ci, ko kuwa mai ya yi ƙasa. Idan kuwa sai an taka kuloci ƙarar take tasowa kamar kukan tsuntsu, to laifin na boris ɗin kuloci ne, akwatin giya lafiyarsa lau.

Gwaji na biyu wajen sauya giya ne. Idan kowace giya sai ta yi ƙarar gogar haƙora kafin ta shiga, kuloci ne ba ya rabuwa sosai. A duba wayarsa ko mansa. Idan giya ɗaya ce kawai take yin haka, zoben tagullar da ke daidaita gudunta ne ya suɗe. Ribas kuwa a motoci da yawa ba shi da wannan zobe, saboda haka sai mota ta tsaya cik kafin a sa shi. Kukan da yake yi in ana ja da baya ba cuta ba ne, yankan haƙoransa ne a miƙe.

Gwaji na uku a kan hanya ne. A mota mai giya huɗu wadda ƙafafun baya ke turawa, irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, giya ta huɗu tana haɗa inji da furofela kai tsaye. Don haka kukan da ake ji a giya ta ɗaya zuwa ta uku, ya lafa a ta huɗu, yana nuna boris ɗin cikin akwatin ne. Bugun ƙwas-ƙwas a giya ɗaya tak alamar karyayyen haƙori ce. Amma gurnanin da ke ƙaruwa ko raguwa in an karkata sitiyari, na boris ɗin taya ne.

Bayan haka sai a duba mai. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a kwance murfin da ke gefen akwatin. Wajibi ne mai ya kai bakin ramin. Man da ya koma kamar madara ruwa ya shige shi, abin da kan faru bayan ratsa kududdufi da damina. Ɓarɓashin ƙarfe a cikinsa kuwa yana nufin a buɗe akwatin ba da jinkiri ba. A zuba irin man da littafin motar ya ambata kawai, domin mai kauri yakan ɓoye ƙara ne, ba ya warkar da ita.

Ana jan hankalin direbobi, musamman na haya, su daina aje ƙafa a kan kuloci ko hannu a kan sandar giya suna tafe. Giyar da ta fara fita da kanta tana iya kuɓucewa a kan gangara, mota cike da fasinja, a bar birki shi kaɗai da nauyi. Sauya boris ɗaya a yau ya fi sayen akwati sukutum gobe sauƙi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.