Makarantar Cikin Na'ura: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Sa'ad da aka rufe makarantun Nijeriya cikin watan Maris na 2020 saboda annobar korona, 'ya'yan masu hali a birni suka ci gaba da karatu ta intanet. Yaran karkara kuwa, irin na Gulu da Jili da Butu-Butu a ƙasar Rimin Gado, galibinsu sai abin da rediyo ya kawo musu. Saboda haka ya wajaba Hakimi da malaminsa su fahimci wannan sha'ani, don kada a sāke barin talakawansu a baya.

1. Manhajojin iri biyu ne

Iri na farko aikinsa shirya abin da ake bugawa a shafin intanet. Wadda ta fi shahara ita ce WordPress, wadda ta fito a 2003. Misalinta kamar allon sanarwa ne a ƙofar ofishin Hakimi: malami ya liƙa takarda, kowa ya zo ya karanta, amma allon bai san wanda ya karanta ba.

Iri na biyu shi ne na tafiyar da karatu. Daga cikinsu akwai Moodle, wadda Martin Dougiamas, mutumin Ostareliya, ya fitar a 2002. Wannan ba allo kaɗai ba ce, makaranta ce da rajistarta. Duka biyun kyauta ake ɗaukarsu, amma wurin ajiyarsu da ladan mai lura da su sai da kuɗi.

2. Yadda take aiki

Ana girka manhajar a wata babbar kwamfuta mai ajiya, mutane kuma su riƙa shiga daga nesa ta wayar hannu. Kowa da sunansa da kalmarsa ta sirri. Masu shiga hawa uku ne. Mai lura shi ke buɗe aji, ya ba kowa matsayinsa. Malami shi ke zuba darasi, ko rubutu ko murya ko hoto mai motsi, ya sa aiki, ya tsai da ranar karɓa. Ɗalibi kuwa ya karanta, ya amsa, bai kuwa da ikon taɓa makin kowa.

Babban amfaninta shi ne ba ta mantuwa. Tana rubuta ran da yaro ya shiga, da darasin da ya gama, da inda ya kāsa. Yaron da noma ya riƙe da damina yana iya komawa daidai inda ya tsaya bayan an kai amfanin gona gida. Haka nan matar aure a cikin gida tana iya karatu ba ta fita ba.

3. Wadda aka tanada

Cikin watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, tare da UNICEF da kamfanin Microsoft, ta buɗe Nigeria Learning Passport domin 'yan makaranta da malamansu. Akwai darussa da Hausa a ciki, ba a kuma biyan kuɗin rajista.

4. Abin da ya rataya a wuyan Hakimi

Na farko, ya umarci Dagatai da Masu Unguwanni su gano wuraren da waya ke kamawa sosai, da inda ake samun cajin hasken rana, malaminsa ya rubuta, a miƙa wa Sakataren Ilmi na Ƙaramar Hukuma.

Na biyu, a sanar a kasuwa da masallatan Juma'a cewa duk wanda ya nemi kuɗi da sunan shigar da yaro inda hukuma ta ce kyauta ne, a kawo ƙararsa.

Na uku, kalmar sirri amana ce kamar hatimin ofis. Kada malami ya ba da aronta. In an canja wa mai lura wurin aiki, lalle ya miƙa ta ga magajinsa a rubuce, a kuma canja ta nan take, gama in ya tafi da ita an kulle makaranta ke nan da rajistarta a ciki.

A zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, ajin manya bai tsayu ba sai inda Hakimi ya tsaya a kansa. Na'ura ba ta canja wannan ba. Tana iya ajiye darasi, amma ba ta iya zuwa ƙofar gida ta tambayi uba dalilin da ɗansa bai karanta ba.