Ɗaukar Shatar Kwalekwale a Kogin Wudil

Wudil gari ne babba a ƙasar Kano. Yana kudu maso gabas da birni, tafiyar wajen kilomita 40, a kan hanyar da ta miƙa zuwa Maiduguri. An san shi da kasuwar shanu mai ci ran Jumma'a, an kuma san shi da gada da babban kogin da ke bi ta ƙarƙashinta. Matafiya da yawa sukan leƙa kogin nan daga cikin mota su wuce. Amma wanda ya sauka ya yini a kansa cikin kwalekwale, zai ga abubuwan da ba a hangowa daga kan gada.

Asalin Kogin

Koguna biyu ne suka haɗu suka zama kogin Wudil, watau kogin Kano wanda ya taso daga kudu, da kogin Challawa wanda ya taso daga yamma. Daga Wudil ruwan yana wucewa ta Ringim da Haɗejiya, don haka ake kiransa kogin Haɗejiya. A can gaba yana haɗuwa da kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe, su zuba cikin Tafkin Chadi. Ashe ke nan ruwan Wudil ba ya zuwa teku ko kaɗan.

A da, idan rani ya yi tsakiya, kogin yakan janye ya bar yashi da 'yan gurabe. A shekarar 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma aka gama wata a kan Challawa, kusa da Ƙaraye. Madatsun nan suna tare ruwan damina, ana sakinsa kaɗan kaɗan. Shi ya sa ake samun ruwa a Wudil rani da damina. Shi ya sa kuma ruwan yakan ƙaru wani lokaci ba tare da an ga hadari ba.

Fito da Shata

Mutane iri uku ne galibi ke da kwalekwale a bakin kogi. Akwai masunta, masu kama tarwaɗa da karfasa da ƙurungu. Akwai 'yan fito, masu ƙetarar da mutane da kayansu. Akwai kuma masu ɗibar yashi, waɗanda ke tono shi daga ƙarƙashin ruwa don aikin gini. A garuruwan bakin kogi na ƙasar Hausa, masu sana'ar ruwa suna da shugaba, shi ne Sarkin Ruwa. Baƙon da ke neman jirgi, daidai ne ya fara gaishe da manyan wurin, gama su suka san matuƙin kirki.

Fito daban, shata daban. Mai shiga fito yana biyan kuɗi kaɗan, ya zauna tare da waɗanda bai sani ba, a ƙetare, ya sauka. Mai ɗaukar shata kuwa jirgin duka yake haya, da matuƙinsa, na yini guda. Shi ke faɗin inda yake so a je da inda za a huta. Amma fa akwai abin da kuɗinsa bai saya ba. Bai sayi ikon faɗin yawan mutanen da za su shiga ba, bai kuwa sayi ikon zaɓen wurin da za a yi iyo ba. Waɗannan biyu na matuƙi ne.

Ciniki

A ce wani malamin makaranta yana so ya kai almajiransa goma sha biyu yawon ganin kogi. Sai ya je tun jajibere ya sami wani dattijo mai jirgi. Bayan sun gaisa, malamin ya ce, "Baba, shata muke so gobe, daga hantsi zuwa la'asar."

Dattijon ya ce, "Madalla, Malam. Ku nawa ne?"

Ya ce, "Yara goma sha biyu, da ni, da wani abokin aikina."

Dattijon ya girgiza kai, ya ce, "Jirgina takwas yake ɗauka, har da ni. Sai dai a nemo na biyu."

Malamin ya ce, "Ai yara ne ƙanana, Baba, ba su da nauyi. Ba sa matsa ba?"

Dattijon ya ce, "Malam, yaro ba shi da nauyi, amma yana da motsi. Kai ka san allo, ni na san ruwa."

To, nan malamin kirki yakan yarda, ko da kuɗin ya ninka. Sa'an nan su daidaita sauran magana tun a tudu: nawa ne kuɗin, yaushe za a tashi, ina za a tsaya, yaushe za a komo. Cinikin da aka bari sai an shiga ruwa, shi ke kawo jayayya.

Kafin a biya, sai a duba jirgin da kyau. A ga ko katakonsa ya tsage, ko ruwa na tsattsafowa ta ƙasa. A ga akwai filafili, da doguwar gora ta turawa, da igiya, da ƙwaryar kwarfe ruwa. Abin da ya fi kome shi ne rigar ceto, wadda ke ɗaga mutum bisa ruwa ko da bai iya iyo ba. Kowane yaro ya kamata ya sami tasa, ya ɗaura ta tun bai taka jirgi ba. Haka kuma kowane yaro sai ya zo da yardar iyayensa.

Lokacin da Ya Fi Kyau

Ba kowace rana ce ta yawon kogi ba. Cikin watan Agusta da Satumba kogi yakan cika ya batse, ruwan ya yi ja, yana gudu da ƙarfi, yana ɗauke da itatuwa. A lokacin nan mai hankali ba ya kai yara. Da hunturu kuwa ruwan yana da sanyi ƙwarai. Lokacin da ya fi daɗi shi ne bazara, kafin hadari ya fara tasowa. Ko a nan ma, da matuƙi ya ga gabas ta yi duhu, ko iska ta canja, zai juya zuwa gaɓa. Ba a yi masa gardama.

Zaman Cikin Jirgi

Ana shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya taka tsakiya ya zauna inda aka nuna masa. Kwalekwale siriri ne. In nauyi yana ƙasa kuma ya daidaita dama da hagu, sai ya tafi lafiya. In mutum ya miƙe tsaye, ko yara duka suka karkata gefe guda don kallon kifi, sai ya jirkice, ruwa ya shigo. In an cika shi fiye da kima, bakinsa yana kusa da ruwa, ƙaramar igiyar ruwa ma ta isa ta nutsar da shi.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Ran 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi ya kife a ruwan Bagwai, cikin ƙasar Kano. Fiye da mutum ashirin suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. An ce kaya ne ya yi wa jirgin yawa. Allah ya jiƙansu da rahama.

Idan kowa ya natsu, tafiyar tana da daɗi. Ga gonakin rani a gefen kogi. Ga balbela tana bin shanun da suka zo shan ruwa. Ga masunci yana jefa birgi, ya ja shi a hankali. Daga nesa kuma ga gada, motoci na wucewa a kanta kamar tururuwa.

Wurin Iyo

In rana ta take, sai a nemi wurin wanka. Matuƙi yakan zaɓi inda yashi ya shimfiɗu, ruwan bai wuce ƙugun yaro ba. Yakan caccaka gora ko'ina ya ji zurfin, gama inda aka ɗebi yashi akan bar rami a ƙarƙashi, daga sama kuwa ba a gani. Sa'an nan ya nuna iyaka, ya ce kada kowa ya wuce ta. Babba ɗaya yana tsayawa a gaɓa bai shiga ba, aikinsa ƙirga kawuna kawai.

Ba a faɗawa da ka cikin ruwan da ba a ga ƙasansa ba. Ba a danna aboki cikin ruwa da sunan wasa. Wanda ya gaji ya fito ya huta. In wani ya fara nutsewa, yaro ba ya bin sa ciki, don mai nutsewa yakan ƙanƙame wanda ya zo cetonsa, su tafi tare. Sai ya yi kururuwa, ya miƙa masa gora, ko ya jefa masa igiya ko jarka marar kome a ciki.

Akwai wani haɗari kuma wanda ido ba ya gani, shi ne tsargiya. Idan mai ciwon ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwayayen cutar sukan ƙyanƙyashe su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi. Bayan sun girma sai su fito, su huda fatar mai wanka, su shiga jijiyoyin jini kusa da mafitsara. Daga baya sai yaro ya ga jini cikin fitsarinsa. Dodon koɗin nan ya fi son kwantaccen ruwa mai ciyawa, saboda haka ake guje wa irin wurin. Waɗansu suna tsammani fitsarin jini alamar girma ce ga yaro. Ba haka ba ne, ciwo ne, yana kuwa da magani a asibiti. Wanda ya ga alamarsa ya gaya wa iyayensa nan da nan.

Yadda Ake Yi a Bakin Teku

Irin wannan yawo ba a kogi kaɗai ake yinsa ba. A bakin Bahar Maliya, wajen Jidda inda alhazai ke sauka, mutane sukan ɗauki shatar jirgi mai inji su yini a teku. Ruwan can garau yake, ana ganin ƙasa. A ciki akwai duwatsun murjani, waɗanda wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ke ginawa shekara da shekaru, kifaye masu launi iri iri suna yawo a tsakaninsu.

Mai son kallonsu yakan sa tabarau na ruwa wanda ya rufe ido da hanci. Yakan kama wani lanƙwasasshen bututu da baki, ɗaya bakin bututun yana bisa ruwa. A ƙafa kuma ya sa takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Sai ya kwanta rub-da-ciki a kan ruwa, fuskarsa a ciki, yana numfashi ta bututu, yana kallo. Bututun bai kai kamu ɗaya ba. Da za a yi shi dogo don a nutsa can ƙasa, da nauyin ruwa ya danne ƙirji ya hana numfashi.

Ruwan teku ya fi na kogi ɗaga mutum, saboda gishiri. Cikin lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, a Bahar Maliya ma ya kai wajen 40. A Wudil kuwa ba gishiri, ga laka da yashi sun turɓune ruwan, don haka tabarau ba zai nuna kome ba. Masuncin Wudil da ƙafa da gora yake sanin abin da ke ƙasa. Duk da wannan bambanci, dokar ɗaya ce. Can ma matuƙi ke faɗin yawan masu shiga, shi ke zaɓen wurin tsayawa, ba kuwa a barin kowa ya yi iyo shi kaɗai.

Komowa

Da la'asar ta yi, sai a juyo, don a isa tun da sauran rana. In aka sauka, malami ya sake ƙirga almajiransa, ya ga sun cika goma sha biyu kamar yadda suka zo. A kwashe ledoji da ɓawon rake, kada a bar su a bakin ruwa, gama mutane da dabbobi suna sha daga nan. A cika wa matuƙi kuɗinsa, a yi masa godiya.

Hausawa sun ce ruwa ba sa'an kwando ba ne. Wanda ya san haka, ya bi maganar wanda ya fi shi sanin ruwa, shi ne ke zuwa kogi ya komo da labari mai daɗi.

Tambayoyi

1. Waɗanne koguna ne suka haɗu suka zama kogin Wudil, ina kuma ruwansa ke ƙarewa?
2. Mene ne bambancin fito da shata?
3. Don me dattijo mai jirgi ya ƙi ɗaukar yara goma sha biyu?
4. Faɗi abubuwa huɗu da ake dubawa kafin a shiga kwalekwale.
5. Yaya tsargiya ke shiga jikin mutum?
6. In abokinka ya fara nutsewa, me za ka yi?
7. Me ya sa ake ganin kifi a Bahar Maliya, ba a ganinsa a kogin Wudil?