Ɓarɓashin Ƙarfen Zubi da Injin Dunƙula Shi

Ƙarfen zubi shi ne wanda ake narkarwa a zuba cikin mazubin yashi, ya daskare da siffar da ake so. Da shi ake yin gangar birkin mota, da gidan injinta, da kan keken ɗinki, da farantan injin niƙa. Abin da ya bambanta shi da sauran ƙarafa shi ne yawan sinadarin gawayi da ke cikinsa, kimanin kashi 2 zuwa 4 cikin 100. Wannan ne ya sa yake da gautsi. In an ɗora shi bisa injin sassaƙa, ba ya fitar da dogon zare yadda ƙarfen ƙira ke yi, sai dai ɓarɓashi da baƙin gari.

A masana'antu da yawa, wannan ɓarɓashi sharewa ake yi a jibge bayan gida, ruwa ya doke shi, tsatsa ta cinye. Man da aka sanyaya aikin da shi kuwa ya tsiyaye cikin ƙasa, ya bi lambatu, wani lokaci har ya kai ga rijiyoyin unguwa. Alhali ƙarfe ne mai kyau, wanda aka riga aka kashe kuɗi da wuta wajen samar da shi.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a mayar da shi tanderu? Maƙeran zubi sun daɗe da sanin amsar. Ƙarfen zubi yana narkewa ne a zafin da ya kai wajen digiri 1,200, kuma dogon tanderu mai aiki da gawayin kwal sai da iskar zuga mai ƙarfi. In aka watsa gari a ciki, iskar ta kwashe wani ta fitar ta sama, wani ya ƙone kafin ya narke, saura ya toshe hanyar iskar. Ga asarar ƙarfe, ga ta makamashi.

Injin dunƙula ɓarɓashi shi ne maganin wannan. Ana zuba ɓarɓashin cikin wani babban mazurari, daga nan ya gangara cikin ƙaramin rami na ƙarfe mai tauri. Sai wata taɓarya ta danno shi da ƙarfin mai, irin dabarar nan ta jak ɗin ɗaga mota, amma ninkin-ba-ninkin. Ba a sa danƙo, ba a sa wuta. Matsar kaɗai ke sa ƙwayoyin su sarƙe da juna. Abin da ke fitowa curi ne mai siffar gwangwani, mai nauyi, wanda ke sauka cikin tanderu ya narke kusan kamar guntun ƙarfe. Man da aka matse yana taruwa a ƙasa, a tace shi a sake aiki da shi. Tarin da dā sai mota ta yi sawu da yawa, yanzu ya tsuke ƙwarai.

Amma injin ba ya gyara abin da aka ɓata tun farko. Lalle ne a ware ɓarɓashin kowane ƙarfe dabam tun daga bakin injin sassaƙa, domin ɗan tagulla ko dalma da ya shiga ciki yana iya lalata zubi guda. A ajiye curin a ƙarƙashin rufi. Jiƙaƙƙen curi in ya faɗa cikin narkakken ƙarfe, ruwan ya zama tururi nan take, ƙarfen ya fantsamo wa ma'aikata.

Ƙaramin mai sassaƙa ba lalle ne ya iya sayen injin shi kaɗai ba. Inda masu sana'a suka taru wuri guda, kamar Panteka ta Kaduna, ƙungiyarsu za ta iya haɗa kuɗi ta kafa guda ɗaya, kowa ya kawo nasa a auna, a dunƙula, a sayar wa masu zubi.