Yadda Ake Kare Dabbobi Idan Hadari Ya Haɗo

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, iskar farkon damina, wajen watan Mayu zuwa Yuni, ita ce ke kwashe kwanon rufi, sa'annan ruwan Agusta ya cika fadamu. Kowanne da irin shirinsa, kuma tun rani ake farawa.

Da farko a duba wurin turke. A mai da shi kan tudu, a haƙa lambatu kewaye don ruwa ya wuce. Rumfa kuwa a ƙara mata ƙusa, a ɗaure kwanonta da waya, domin kwanon da iska ta ɗauka yana iya yanka saniya. Harawa da dusa a ɗora su kan rumfa a lulluɓe da leda, harawar da ta jiƙe fumfuna take yi.

Hadarin nan galibi daga gabas yake tasowa. Da an ga gabas ta yi baƙi, a koro garke gida, kada a jira yayyafi. Yaro makiyayi yakan ruga da shanu gindin ɗorawa ko kuka, nan kuwa ne tsawa ta fi faɗawa, ta kwantar da shanu da yawa a take. Gara ruwa ya duke su a fili. A raba su kuma da turakun wuta da itacen turare, mai saurin karyewa.

Sai batun igiya, wanda mutane suka fi rainawa. Dabbar da aka yi wa ƙullin da ba ya kwantuwa ba ta da mafita idan ruwa ya shigo gida. A yi zarge mai saurin warwarewa, a ajiye wuƙa kusa. Ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018 cikin dare ta zo, ta ci mutane da dabbobi masu yawa. 'Yan awaki da maruƙa a shigar da su ɗaki, sanyi ke kashe su.

Bayan an ɗauke ruwa, kada a tsallaka rafi da garke sai ya janye. A kwana biyu ba a shiga fadama ba: kofato na tattake saiwar ciyawa, ga ciwon hanta da ake ɗauka a irin wannan wuri. A kwashe taki daga turke, a duba kofato. Dabbar da ta fara ɗingishi ko tari, a ware ta, a kira malamin dabbobi tun ranar.